Katin da Kika Bari a Ƙwaryata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga ni uwarki a nan Baure, zuwa ga Autata a Mashi. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kun sauka lafiya, gajiyar biki ta bi jiki. Allah ya sa ɗakin da kika shiga ɗakin zama ne, ya tsare ki zaune, ya tsare ki tafe, ya ba ku haƙurin juna. Ki gaishe min da maigidan naki da iyayensa. Halima tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ba ta yi kuka ba, alhali ni na share mata majina.

Malama Sa'a maƙwabciyarmu ce ke rubuta min. Na ce mata yadda ya fito daga bakina haka za ta sa, kada ta gyara min magana. Kada gabanki ya faɗi don ta ji sirrinki. Kin san bakinta ba ya fitar da magana, kuma ita ma ta je awon nan da ƙafarta.

Auta, na ga katin.

Kwana biyu da tafiyarki na sauko da tsohuwar ƙwaryata ta ungozomanci, wadda na rataye tun da gwiwa ta hana ni fita karɓar haihuwa. Irin zogale na ajiye a ciki, ina so in aiko miki. Ina ɗaga faifai sai ga shi a ninke ƙarƙashin tsumma. Ban iya karatu ba, amma na san katin nan. Ni na riƙe shi a mota tun daga Daura har gida, ranar da kika ƙi karɓa. Kin yi dabara, kin zaɓi wurin da kika san na daina buɗewa. Ba faɗa zan yi miki ba. Na san dalili. Shekara biyu kina zaune a ɗakina bayan rasuwar uban Halima, yanzu Allah ya kawo wani auren, ba ki so ki shiga gidan mutum da takardar asibiti a ƙasan akwati, ya gani ya ce mene ne wannan. Na gane. To ki saurare ni, in gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba a kan innarki Lami.

Kin san Lami ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kin san ta rasu, an ce muku ciwon ciki ne. Ba a gaya muku hannuna na ciki ba.

Wata ranar kasuwa ta zo daga Babban Mutum da tallan ƙuli-ƙulinta, ta ajiye tire, ta ja ni ɗaka. A lokacin ta fi shekara biyar da daina ganin al'ada. Ta ce, "Yaya, baƙon nan fa ya dawo."

Na ce, "Wane baƙo?"

Ta ce, "Na wata."

Wallahi dariya na yi. Na ce, "Ke tsohuwar banza, da furfurarki za ki yi wa maigidanki auta? Bari in fara wanke ƙwarya."

Ta ce, "In ya zo ai ke za ki goya, ni bayana ya yi ritaya."

Muka yi ta ƙyaƙyatawa har ta riƙe ciki. Da dariya ta lafa, kin san abin da ya dame mu? Salla. Ta yi ko ta dakata? Azumi fa? Shi ke nan damuwarmu. Muka je wurin matar liman, ta shiga ta tambayo mana. Ta fito ta ce Malam liman ya ce jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta ci gaba da sallarta, kuma ya ce a kai ta asibiti a duba ta. Magana biyu ya faɗa, Auta, Allah ya gani. Na ɗauki ta farko na ba Lami. Ta biyun na sa a aljihuna. Na ce a raina, wane asibiti, ga ni? Ni da na karɓi haihuwar rabin unguwa, har sai wata yarinya mai farin kaya ta koya min jikin mace?

Na jiƙa mata bagaruwa, na dafa mata sassaƙe, na sa ta zama cikin ruwan zafi, na haɗa mata turaren tsuguno. Jinin ya ɗauke kamar wata biyu. Ta aiko min da man gyaɗa kwalba guda, wai tukwicin likita. Na yi ta fankama. Sai ya dawo, ya zo da wani ruwa mai wari. Lami da ba a biki sai da ita, ta fara zama can gefen tabarma. Ta koma turara zanenta sau uku a yini. Daga baya ta daina zuwa ko'ina. Duk wannan a wurina sanyi ne. Mu komai ya fito daga jikin mace sanyi muke ce masa, mu ɗora tukunya.

Damina biyu muna haka. Ranar da 'ya'yanta suka gaji suka ɗauke ta zuwa asibiti ina cikin motar. Likita ya duba ta, ya fito, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Iya, tun yaushe ta fara ganin jinin?" Na faɗa masa. Ya kalli ƙasa. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce sankarar bakin mahaifa ce, ta riga ta yi nisa.

Kwana kaɗan kafin ta cika, ina shafa mata ƙafa da hantsi, ta buɗe ido ta ce, "Yaya, salla dai ko ɗaya ba ta wuce ni ba, ko?" Na ce ko ɗaya. Ta yi murmushi. Ba ta taɓa cewa laifina ba ne. Ni na wanke ta da hannun nan.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma Allah da ya ƙaddara kwana, shi ya sa wa Malam waccan magana ta biyu a baki, ni kuma na danne ta. To ga abin da nake so ki riƙe. Duk jinin da ya zo ba a lokacinsa ba, ko bayan kwanciya da miji, ko bayan mace ta daina, ko ruwa mai wari da ya ƙi tafiya, ki tambayi hukuncin salla, wannan dole ne, amma da mayafin da kika je tambayar ki wuce asibiti. Kada ki biyo ta wurin irina.

Shi ya sa da aka yi shela a makarantar Islamiyya cewa ana awon mata a Daura na tasa ki gaba, kina ta cewa lafiyarki ƙalau. Suka ɗauki ɗan abin da za su ɗauka da tsinken auduga, bayan kwanaki suka ce mu koma. Malamar asibitin nan mai tabarau ta ce an ga ƙwayar cutar da ke jawo sankarar nan. Malama Sa'a ta ce a katin an rubuta HPV, ni dai bakina ba ya iya juya shi. Na san a ranar kunnenki ya toshe, ba ki ji komai ba bayan kalmar nan. Ni na ji, don ni ban da takarda, kaina ne takardata. Bari in maimaita miki.

Kin ga, sai da ta ce za ta duba bakin mahaifar da ido. Na ce mata ni ungozoma ce shekara arba'in. Ta ce, "Iya, kin taɓa ganinsa?" Na ce da yatsa na san shi, ko ido rufe. Ta tambaye ki, kika ɗaga kai, ta ce in matso. Ta haska fitila.

Auta, ban san yadda zan gaya miki ba. Ɗan abu ne zagayayye, sumul, launin cikin leɓe, da 'yar ƙofa a tsakiya da ko ƙwayar wake ba za ta wuce ba sai da dabara. Na tsaya ina kallo. Ta nan Halima ta fito da ƙaton kanta. Ta irin wannan ke kika fito, ni na fito, liman ya fito, likitan ya fito, duk wanda ke tafiya a kasuwar Baure yana ɗaga hanci ta nan ya biyo. Shekara arba'in ina tsaye a bakin ƙofar nan cikin duhu ina laluben ta, ina ganin na san ta. Ashe ban taɓa gaishe ta ba. Ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba, har malamar ta ce, "Iya, a hankali, za ki tsorata min mara lafiya." Kika ce daga kwance, "Inna, don Allah ki yi shiru, kunya kike ba ni."

Sai ta shafa wani ruwa mai tsami, ta ce mu jira kaɗan. Ta ce in akwai wurin da ya fara lalacewa zai yi fari. Muka jira. Ban taɓa jiran da ya kai wannan tsawo ba, ko na naƙuda. Bai yi fari ba. Ko ɗigo. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ƙwayar tana nan amma ba ta yi ɓarna ba."

Nan ma sai da halina ya motsa. Na ce, "To ai ruwan tsami muna da shi a gida, na gasara, sai ta riƙa tsarki da shi." Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Iya, wannan ba magani ba ne, fitila ce. Nuna mana yake yi kawai. Kada ki kuskura." Kin ga, ko a gaban ikon Allah sai da na nemi in ɗora tukunya.

Na ce to ina maganin? Ta ce ƙwayar ba ta da wani magani na sha da zai kashe ta. Na ce to mun shiga uku. Ta ce in kwantar da hankali, jiki ne da kansa yake korar ta. Wai a cikin jinin kowane mutum Allah ya zuba masu gadi, ƙanana, ido ba ya ganin su, su ake kira garkuwar jiki. Ba sa hutu. Kina daka suna aiki, kina salla suna aiki, kina fushi da mutane suna aiki. Ta ce mafi yawan mata ƙwayar nan takan shige su ta zauna shekara ɗaya ko biyu, masu gadin nan su share ta tas, mace ba ta ma san an yi yaƙi a cikinta ba. Sai ga kaɗan take maƙalewa, ta yi shekaru tana sassaƙa a ɓoye ba zafi ba ƙaiƙayi, irin ta Lami. Don waɗannan kaɗan ɗin ake cewa a dawo. In aka ga farin tun yana ɗan tabo, akwai na'urar da suke ɗora wa wurin ta ƙone shi, mace ta ɗaura zanenta ta tafi gida a ranar.

Tun daga ranar nan nake kallon hannuna ina mamaki. Sau nawa na yanke da lauje, na tofa yawu na ci gaba da aiki, bayan kwana biyar wurin ya haɗe? Wa ya ɗinke? Ban taɓa tambaya ba. Shekara saba'in ana yi min aiki a cikin jiki ba da sanina ba, ban taɓa cewa sannunku ba. Kai, Allah abin tsoro ne. Kuma abin da na saka wa masu gadin nan da shi, shi ne yunwa.

Don kin ga yadda na yi rayuwata. In na sauke tuwo, na maza da farko, na yara, na baƙo, na maƙwabta, ni sai ƙanzo a tsaye a bakin murhu. Ƙwan zabina duk kasuwa yake tafiya, ban san ɗanɗanonsa ba sai wanda ya fashe. Zogalen bayan ɗaki shinge ne a wurina, awaki suka fi ni cin sa. Har masu ciki na riƙa hanawa ƙwai, haka muka taras, haka na faɗa, ban tambaya ba. Ina ganin wannan shi ne kirki. Na kuma ga kin ɗauko halin, musamman da kika yi takaba, kika koma kamar sillen kara. To yanzu amarya ce ke, za ki so a ce ba ki da ci. Ki bar su su ce kina da ci. Ki zuba naki tare da na kowa, ki zauna ki ci da zafinsa. Kwaɗon zogale, rama, yakuwa, wake, kabewa, gyaɗa, abin da ƙasa ta bayar a lokacinsa. Gidan masu dabbobi kika shiga, nono ba zai gagare ki ba. In an yanka kaza ki daina cewa wuya ya ishe ki. In gwanda ko mangwaro ya shigo, ba na yara kaɗai ba ne. Ba kwaɗayi ba ne wannan, abincin ma'aikata ne.

Ki yi barci ya ishe ki. In rana ta take kin gama aiki, ki miƙe bayanki ko kaɗan ne, duniya ba za ta tashi ba. Malamar ta ce hayaƙin taba yana karya masu gadin nan, to in akwai mai sha a gidan ya sha can waje. Ni kuma na ƙara nawa, ki daina girki a rufaffen ɗaki da ɗanyen kara kina hawaye. Idanuna da suka yi rauni yanzu kin san inda na baro su.

Sai maganar da ta fi min nauyi, Malama rubuta kawai, daina sunkuyar da kai. Ƙawaye da dangin miji za su kawo miki ƙulle-ƙulle na amare, na matsi, na tsuguno, wannan a cusa, wancan a turara. Na san su sarai, ni na riƙa haɗa wa 'yan matan unguwa, har layi ake yi a ƙofata. Yanzu da na ga wurin da idona, yadda yake da laushi kamar cikin ido, sai na tuna kanwa da barkonon da na sa aka kai can, tsikar jikina ta tashi. Ki karɓa, ki yi godiya, ki ajiye. Na sha in abinci ne, madara da dabino da su aya, ki sha abinki. Amma kada ki cusa komai. Wurin yana wanke kansa, ruwa mai tsabta daga waje ya isa.

Kada kuma ki ji na lissafa abinci ki ce shi ke nan, zogale ya gama magana. Na tambaye ta haka ɗin. Ta ce, "Iya, cin kirki da hutu taimako ne, amma ba sa gaya mana abin da ke ciki. Sai an duba." Da bagaruwa na yaudari kaina a kan Lami, ba zan bari ki yaudari kanki da zogale ba.

Na tuna abin da kika faɗa min a mota kina kuka cikin mayafi. Kika ce, "Inna, me za a ɗauke ni? Ko kuwa marigayi ne ya cuce ni?" Ban amsa ba a lokacin don akwai mutane. Ga amsar. Malamar ta ce ƙwayar nan ta zaman aure ce, tana bin mutane da yawa maza da mata, namiji yakan ɗauke ta bai sani ba, takan kwanta shekaru ba ta motsa ba, kuma ba mai iya cewa ga ranar da ta shiga ko daga wa. Ba shaidar lalata ba ce. Ki bar uban Halima ya kwanta lafiya a kabarinsa, ki bar kanki ma ki huta. Zullumin da kike yi yana hana ki ci, yana hana ki barci, to wa kike taimaka wa?

Maigidanki ban gaya masa komai ba, ba kuma zan gaya masa a bayan idonki ba. Maganarki ce. Amma in ta ni ce, ki faɗa masa da rana tsaka, bayan ya ci ya ƙoshi, yadda aka faɗa mana. Mutumin da ya san yana kai shanunsa allura tun ba su kwanta ba, zai gane a duba mutum tun yana tsaye. In kuma bakinki ya yi nauyi, ki aiko. Kin san ban taɓa haɗa ido da shi ba, ko ruwa ban sha a gabansa ba. To zan ajiye kunyar surukuta a ƙofar gida, in zauna in yi masa bayani da bakina. Kunya na riga na ga abin da take ci.

Halima kuwa, kamar yadda muka yi da ke, na kai ta an yi mata rigakafin wannan ƙwayar da ake yi wa 'yan mata. Ni ɗin nan da na taɓa ɓoye ku a bayan rumbu in masu allura sun shigo. Ta ɗan yi tsalle, na saya mata rake, ta manta. Da muke dawowa na riƙa kallon ɗan damtsenta. Sunan Lami na yanka ne da ita, kin sani, Halimatu. Ɗigon ruwa a hannu, wai ya koya wa jiki ya gane abokin gaba tun bai zo ba. Ban gama mamakin wannan ba har yau.

Ga katin nan cikin takardar, ga irin zogale a ƙulle a leda. Ruwan farko na sauka ki shuka a bayan ɗakinki, ki kare shi daga awaki. Malama ta duba ranar da aka rubuta ta lissafa min, ta faɗo bayan an gama yankan gero, ranar Talata ce. Kafin nan zogalen ya fi ki tsawo.

Ni dai ga abin da zan yi. Ranar nan zan karya kumallo in hau mota zuwa Daura, da gwiwar nan tawa. Zan zauna a bencin da muka zauna, na kusa da ƙofa, inda ya kamata in zaunar da Lami ban yi ba. Ba zan aiko a tuna miki ba, ba zan kira ki a waya ba. Duk mayafin da ya shigo zan ɗaga kai. In kin zo, mu shiga tare, in malamar ta yarda in sake kallon ikon Allah, na yi alkawari ba zan yi salati da ƙarfi ba. In ba ki zo ba, ina nan zaune har su rufe.

Allah ya tsare min ke, ya ƙarfafa abin da ya zuba a jikinki, ya sa mu ji alheri. Allah ya ji ƙan Lami, ya yafe min. Ya kiyaye hanyar da za ki biyo, ya haɗa fuskokinmu lafiya. Na bar ki a hannun wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Ni ce uwarki,
Inna Delu, Baure.